Masu begen Goldorak, ina kuka baro Samba?

A shekarar 2021 gidan waya na ƙasar Faransa ya buga kan sarki mai ɗauke da hoton Goldorak, wato mutum-mutumin ƙarfen nan mai ƙaho biyu da ya mamaye talabijin ɗin yaran ƙasar tun ranar 3 ga watan Yuli 1978. Magidanta masu furfura suka yi ta rububin saye, suna ba da labarin yadda suke rugowa daga lakwal don kada shirin ya wuce su. To, madalla. Begen ƙuruciya ba laifi ba ne. Abin da ya cancanci a tona shi ne munafuncin da ke lulluɓe da wannan biki, da kuma yadda wasu ƴan bokonmu na Yamai suke tayawa da kuka alhali ba gawar gidansu ba ce.

Da fari dai Goldorak ba Bafaranshe ba ne. Sunansa na yanka Grendizer, mai zanensa Go Nagai, kamfanin Toei na Japan ne ya shirya shi kashi 74 tsakanin 1975 da 1977, kuma tun a can an haɗa shirin da cinikin kayan wasa. Tashar Antenne 2 ta saye shi da araha, ta saka shi cikin shirin Récré A2 a lokacin babban hutu, sa'ad da ba a sa ran masu kallo da yawa. Sai abin ya fi ƙarfin masu shi. Faifan waƙarsa ya yi kasuwar da ta wuce miliyan, mujallar Paris Match ta ɗora shi a bangonta a watan Janairu 1979, iyaye kuwa aka talauta su da sayen ƴan tsana.

Daga nan manya suka taso da sanda. Liliane Lurçat, masaniyar halayyar yara, ta fitar da littafi a kansa a 1981. A 1989 Ségolène Royal, lokacin tana ƴar majalisar dokoki ta jam'iyyar gurguzu, ta rubuta nata littafin inda ta yi wa zane-zanen Japan tatas, ta ce tashin hankali ne da shirme ake ɗura wa ƙananan yara. Ba a ce duk maganarta ƙarya ce ba. Amma wa ya buɗe ƙofar? A zamanin Mitterrand, wanda ita kanta ta yi wa aikin ba da shawara a fadarsa, aka miƙa sabuwar tashar La Cinq ga su Berlusconi, tashar da ta cika sa'o'in yara da waɗannan zane-zane. A 1987 gwamnatin Chirac ta sayar da TF1 ga Bouygues, attajirin gine-gine, aka buɗe Club Dorothée wanda ya kwashe shekara goma yana wannan ciniki. Ɓangaren hagu da na dama duk sun sa hannu a tukunyar, sannan suka koma suna zagin mai zane da ke Tokyo. Ɗan kasuwa da aka damƙa wa tasha ba zai biya mai zane na gida da tsada ba alhali ga na ƙetare a arha. Wannan lissafi ko yaron shago ya san shi.

Yau kuma abin da aka kira guba ya zama kayan tarihi, saboda yaran 1978 sun girma, sun sami albashi. Saudiyya ma ta shigo cinikin: an kafa wa Grendizer gunki mai tsawon fiye da mita 30 a Riyad, kuma kamfanin Manga Productions na can yana cikin waɗanda suka fito da sabon shirinsa a 2024. Begen ya zama haja, ana auna shi a mudu.

Abu guda ne ya kamata a yaba wa Faransa, shi ne ta san ciwon kanta. A tattaunawar ciniki ta GATT a 1993 ta kafe cewa fim da talabijin ba daidai suke da gyaɗa ko siminti ba, ta kare ƙa'idojinta da ke tilasta wa tashoshi nuna kason shirye-shiryen gida. Ita ce kuma daga 1989 ta riƙa turo wa tashoshin Afirka shirye-shirye ta tauraron ɗan Adam ta hanyar Canal France International. Abin da ta ƙi ga ƴaƴanta daga Amurka da Japan, shi ta ɗora wa namu, shugabanninmu suka karɓa da hannu biyu don ba sai sun kashe ko dala ba.

Alhali kuwa ƙasar nan tana da nata gwanin ƴan tsana. Moustapha Alassane, wanda ya yi aiki da Jean Rouch, ya kuma koyi sana'ar zane mai motsi wajen Norman McLaren a Kanada, ya fitar da Samba le Grand a 1977, shekara guda kafin Goldorak ya sauka Faransa. Da hannunsa ya ƙera ƴan tsanar, yana motsa su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto, ya ba da labarin jarumin da wata gimbiya ke ɗora wa jarrabawa bayan jarrabawa. Tun a 1966 ya yi Bon Voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki da dukan fankamar da aka sani. Wataƙila wannan kwaɗo ne ya sa masu mulki ba su cika ɗokin aikinsa ba! A wannan shekara dai ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya komo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka zame wa ƙauyensu annoba. Abin da Royal ta rubuta littafi a kai a 1989, Alassane ya riga ya nuna shi da kyamara shekara 23 kafin nan, kuma da dariya.

Mutumin ya zauna a Tawa yana ta ƙera ƴan tsanarsa da ƙaramin ƙarfi, har ya rasu a Wagadugu a watan Maris 2015. A 2017 gidan adana fasaha na MoMA da ke New York ya shirya nunin finafinansa. A tambayi ɗan lakwal na Maraɗi ko Damagaram wane ne Samba, wane ne Sim, a ji amsa. Ƙasar da ta fara gwajin koyarwa ta talabijin tun 1964, kafin yawancin maƙwabtanta, ba ta da hujjar cewa ba ta san tasirin allo a kan yaro ba. Hukumomin al'adu da tashar Télé Sahel su nemo waɗannan finafinai, a juya su zuwa Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a ware musu sa'a guda kowane mako. Idan an rasa gurbi, a rage daga labaran ministocin da ke buɗe taron ƙara wa juna sani.