Jinkiri a filin golf: Wa zai ce wa babba ya ɗaga ƙafa?

Wata Asabar cikin bazarar da ta wuce, aiki ya kai ni wani kulob ɗin golf a ɗaya daga cikin manyan biranen Arewa, domin ɗauko rahoton wata 'yar gasa ta mambobi. Rahoton na rubuta na aika, amma abin da ya tsaya mini a rai bai shiga cikinsa ba.

A farkon rami na bakwai na tarar da mutum takwas, wato rukuni biyu, sun yi cirko-cirko a gindin wata darbejiya suna jira. Can gabansu wani babban mutum ne tsaye a kan ƙwallonsa, sanda a hannu, waya a kunne. Da ya gama wayar sai ya gwada bugu sau uku, ya canja sanda, ya sake gwadawa, sannan ya buga. Ƙwallon ta faɗa cikin bishiyoyi, aka shiga nema. Daga tsayuwata zuwa lokacin da suka matsa, minti goma sha biyu na ƙirga.

Babu wanda ya ce uffan. Ma'aikacin da kulob ya ɗora wa sa ido a fili ya zo, ya ga ko wane ne, ya gaishe shi, ya juya.

Wani matashi cikin masu ɗaukar jakar sanduna, waɗanda ake kira kadi, ya dube ni ya ce, "Malam, yau kam zagaye ɗaya ke nan. Da na sa ran zan samu na yamma." Zagaye ake biyansa, ba awa ba. Wayar da Oga ya amsa ta cinye masa rabin abin da zai kai gida.

Tun daga ranar na daina ɗaukar jinkiri a filin golf a matsayin ƙorafin masu hali da suka rasa abin yi. Cin haƙƙin mutane ne, kuma kulob ɗin da ya kasa magance shi kansa yake yi wa illa.

Yadda mutum ɗaya ke tsayar da fili guda

Ga wanda bai san wasan ba, golf, da wasu ke kira ƙwallon lambu, ana yin sa ne a fili mai ramuka 18. Ɗan wasa zai bi su ɗaya bayan ɗaya, yana buga ƙwallo da sanda har ta shiga kowane rami. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya yi nasara. Shi ya sa hukunci a wannan wasa shi ne a ƙara wa mutum bugu.

Ana fita ne rukuni-rukuni, mutum biyu zuwa huɗu, kuma hanyar ɗaya ce. Na baya ba zai buga ba sai na gaba ya yi nisa, don kada ƙwallo ta samu wani. Kamar titi ne mai hannu ɗaya: idan tirela ta shiga gaba, duk gudun motarka sai ka bi ta a hankali.

Mu yi ɗan lissafi. A ce mutum huɗu ne, kowa ya gama da bugu 90. Bugu 360 ke nan. Idan kowane bugu ya ci sakan 10 fiye da yadda ya kamata, an yi asarar sakan 3,600, wato awa guda cur. Babu wanda zai ji a jikinsa cewa ya ɓata lokaci, don sakan goma ba komai ba ne a wurinsa. Amma duk wanda ke bayansu ya biya awar nan.

A wurinmu lamarin ya fi tsanani saboda rana. Ba kowa ke iya yawo a fili da ƙarfe ɗayan rana a watan Afrilu ba, don haka kowa sassafe yake so ko bayan la'asar. Wanda ya fara da yamma kuwa tsere yake yi da magariba. Idan aka riƙe shi minti talatin, ramukan ƙarshe a duhu zai nemi ƙwallonsa.

Doka tana nan

Ba rashin doka ba ne matsalar. Hukumomi biyu da ke tsara dokokin golf a duniya, R&A da ke St Andrews a Scotland da USGA ta Amurka, sun yi wa dokokin garambawul a farkon 2019, kuma da yawa daga cikin sauye-sauyen don a rage ɓata lokaci aka yi su.

An rage lokacin neman ƙwallon da ta ɓace daga minti biyar zuwa uku. An ba da shawarar kada bugu ya wuce sakan 40 daga lokacin da aka ba mutum fili. An halatta barin tuta a cikin rami yayin bugun ƙarshe, ba sai an jira wani ya je ya cire ba. An kuma ƙarfafa cewa a wasan da ake ƙirga bugu, duk wanda ya shirya ya buga, matuƙar babu haɗari, ba sai an tsaya tantance wanda ya fi nisa da rami ba.

Akwai hukunci ma a rubuce ga wanda ya jinkirta wasa ba dalili: karo na farko a ƙara masa bugu ɗaya, na biyu hukuncin ya ƙaru, na uku a fitar da shi daga gasar.

To, a kan wa ake aiwatarwa?

A 2013, a gasar Masters da ake yi a Augusta ta Amurka, an ƙara wa wani ɗan wasa bugu ɗaya saboda jinkiri. Shi ne Guan Tianlang, yaro ɗan ƙasar Sin mai shekara 14, mafi ƙarancin shekaru a gasar. A gasannin PGA Tour kuwa, inda manyan ƙwararru ke kwasar miliyoyin daloli, an yi shekara 22, daga 1995 zuwa 2017, ba a ƙara wa kowa bugu saboda jinkiri ba. A 2019 duniya ta kalli bidiyon Bryson DeChambeau yana ɗaukar fiye da minti biyu kafin ya yi wani ɗan gajeren bugu, wanda ma bai shiga ba. An yi ta surutu, amma ba a ƙara masa bugu ba.

Ke nan abin da na gani a gindin darbejiya ba a nan aka fara shi ba. Doka takan gane yaro da baƙo, ta kasa gane mai suna.

Amma akwai inda aka gwada da gaske. A 2018 an yi wata gasa a Ostiriya mai suna Shot Clock Masters, inda aka bi kowane rukuni da agogo a kan ƙaramar mota, kowa na gani. Wanda ya wuce lokacinsa, a take a ƙara masa bugu. A ranar farko zagaye ya ragu da kusan rabin awa, kuma wasan bai lalace ba. A 2023 kuma, a gasar mata ta Evian a Faransa, an ƙara wa Carlota Ciganda ta Sifen bugu biyu saboda jinkiri. Ta ƙi rubuta hukuncin a katinta, aka fitar da ita daga gasar duk da sunan da ta yi. Idan aka nuna da gaske ake, mutane suna ɗaga ƙafa.

Daddawa ma da wari

Sai dai zalunci ne a ɗora wa 'yan wasa laifin duka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Littafin jagora da R&A ta fitar a 2016 kan saurin wasa ya raba matsalar gida uku: yadda ake tafiyar da kulob, yadda aka tsara filin, sannan halayen 'yan wasa.

Ɗauki batun tazarar fita. A ce kulob na sakin rukuni duk bayan minti bakwai saboda yana son kowa ya samu shiga, alhali akwai wani gajeren rami a gaba da sai an yi minti goma kafin rukuni ya bar shi. Rukuni na biyu zai jira minti uku, na uku minti shida, na goma minti 27. Ko da kowa a filin mai sauri ne, sai an yi cunkoso. Shi ya sa R&A ta ba da shawarar tazarar aƙalla minti takwas ga rukunin mutum biyu, goma ga uku, 11 zuwa 12 ga huɗu.

Haka batun fili. Idan damina ta sauka aka bar ciyawar gefe ta kai gwiwa, kowane rukuni sai ya yi neman ƙwallo. A filayenmu da har yanzu kewayen rami yashi ne maimakon ciyawa, sai an share hanya kafin bugun ƙarshe, kuma idan babu mai sharewa a wurin, nan ma an tsaya. Idan aka bar ɗan koyo ya fara daga wurin bugu mafi nisa don kada a ce ya gaza, an ƙara masa bugu biyu ko uku a kowane rami. Duk waɗannan aikin kwamiti ne, ba na ɗan wasa ba.

"Ai hutawa na zo yi"

Na san amsar da wasu za su bayar. Za su ce golf ba tsere ba ne, sun biya kuɗin mamba, hutawa suka zo yi da hira da abokai. Wasu kuma dattawa ne da likita ya ce su riƙa tattaki, ƙafar ba kamar da ba.

Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai cewa dattijo ya yi gudu. Hasali ma dattawa da yawa sun fi matasa saurin wasa, saboda da sun iso kan ƙwallo sun san sandar da za su ɗauka. Ba tafiya ke cin lokaci ba, tsayuwa ce: waya, gwaji sau biyar, labarin siyasa a tsakiyar fili, rubuta maki a bakin rami alhali wasu na jira.

Wanda ke son ya yi a hankali yana da mafita da al'adar wasan ta tanada tun tuni: ya ɗaga hannu ya ce na baya su wuce. Ba faɗuwar girma ba ce. Kuɗin mamba da ka biya, na bayanka ma ya biya irinsa. Sannu ba ta hana zuwa, gaskiya ne, amma a nan ba kai kaɗai za ka daɗe ba ka je ba.

Abin da kulob zai yi asara

A 2015 R&A ta fitar da sakamakon wani bincike da ta ji ra'ayin fiye da mutum 56,000 a ƙasashe 122. Kashi 60 cikin 100 sun ce da za a rage tsawon lokacin wasa, da sun fi jin daɗinsa.

Golf ba baƙo ba ne a Arewa. Filin Rayfield na Jos ana danganta kafuwarsa da 1913, zamanin haƙar kuza, ga kuma filaye a Kano da Kaduna da Zariya da Abuja. Amma duk wanda ya leƙa ya san furfura ta fi yawa. Ma'aikacin banki ko likita mai shekara 35, da ranar Asabar kaɗai gare shi, ga ɗaurin aure ga iyali, zai iya ba da awa huɗu. Ba zai iya ba da shida ba. Idan ya zo sau biyu ya sha jira, ba zai yi faɗa da kowa ba, daina zuwa kawai zai yi. Kulob ɗin da sababbin mambobi ba sa zama a cikinsa kuwa, wata rana kuɗin yanka ciyawa ma sai ya gagare shi.

Mafita

Abin da ake buƙata ba ya cin kuɗi sosai. Kwamiti ya auna filinsa, ya rubuta lokacin da ya kamata a isa rami na shida, na tara, na 12 da na 18, ya buga a jikin katin maki. Ya faɗaɗa tazarar fita ko da hakan zai rage yawan masu shiga da safe. Ya sa masu sauri a gaba a ranar gasa. Ya riƙa shirya gasannin tsarin Stableford, inda wanda ba zai ƙara samun maki a rami ba yake ɗauke ƙwallonsa ya wuce, da gasannin ramuka tara ga masu ƙarancin lokaci.

Ɗan wasa kuma ya shirya tun kafin layi ya zo kansa. Idan yana zaton ƙwallonsa ta ɓace, ya buga ta wucin gadi kafin ya tafi nema. Ya sa waya a shiru. Ya auna kansa da rukunin da ke gabansa: idan rami guda ya zama wayam tsakaninsu, shi ne matsalar.

Mafi wuya shi ne na ƙarshe. Ma'aikacin da albashinsa ke hannun mambobi ba zai iya tsawata wa tsohon kwamishina ko janar mai ritaya ba, kuma rashin adalci ne a tura shi ba tare da kariya ba. Dole kyaftin ɗin kulob ya tsaya a gaban taron mambobi ya ce maganar mai sa ido maganar kwamiti ce, kuma a rubuta cewa ba za a taɓa aikinsa ba saboda ya yi abin da aka sa shi. In son samu ne, hukuncin farko ya faɗa kan ɗan kwamiti. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha.

Sannan a duba batun kadi. Idan zagaye ya wuce lokacin da kulob ya tsara saboda jinkirin mai jaka, a ƙara wa yaron kuɗi daga aljihun wanda ya jawo. Ina kyautata zaton wannan kaɗai zai gajarta kiran waya da yawa.

Golf wasa ne da ake alfahari da cewa ɗan wasa shi ke hukunta kansa ko babu mai ganinsa. Wanda ba zai yarda ya rage bugu ɗaya a katinsa ba saboda amana, bai kamata ya ga dacewar cinye awa guda ta mutum takwas da ke jira a rana ba, balle ta yaron da ke ɗauke da jakarsa.