Wasiƙa daga Riko zuwa ga masu gwajin ƙasa da duwatsu



Daga Riko nake rubuto muku, a ƙasar Jibiya, inda Nijar take jifa ɗaya da mu. Tun da aka fara haƙar zinare a Ɗan Isa, tsallaken iyaka, matasanmu ke zirga-zirga. Kowa ya ji labarin ramin da ya rufta a Garin Liman a Nuwamban 2021, ya kashe aƙalla mutum 18. Ruftawar rami kan yi ƙara, kowa ya ji. Dalma kuwa a ɓoye take kisa, kuma ku ne kuke da na'urar da ke ganin ta.

Ku tuna da Zamfara a 2010. A ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara sama da 400 suka rasu, galibinsu ba su taɓa zuwa bakin rami ba. Dutsen zinare mai ɗauke da dalma ne aka kawo gida, aka daka a turmi, aka niƙa a injin niƙan hatsi, ƙura ta sauka inda yaro ke rarrafe. A wasu wuraren an samu dalma fiye da miligiram 100,000 a kilo ɗaya na ƙasa, alhali a lokacin 400 ne iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara.

Don haka kada ku tsaya a bakin rami kawai. Ku nemi izinin maigida ku shiga tsakar gida. Ku kankari ƙasar sama, ta gindin turmi da bakin rijiya da wurin wankin zinare, inda ake zuba zaiba. Ku shanya ta, ku tankaɗe kafin ku ɗora na'urar XRF, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa kan rage adadin da na'ura ke nunawa. Ku ɗebo ta wata gona mai nisa don kwatantawa, kowace leda da sunan wurinta da kwanan wata. Ku auna da rani, ku dawo bayan damina, domin Gulbin Maraɗi ba ya tsayawa a shingen kwastan.

Babban roƙona shi ne, in sakamako ya fito, kada ya ƙare a durowar ofis. Ku dawo ƙofar mai gari ku faɗa da Hausa: wannan wuri a kwashe ƙasarsa, waccan rijiya a daina sha. Uwar da ta bari kuka ɗebi ƙasar ɗakinta ta fi kowa haƙƙin jin abin da kuka gani.

Allah Ya yi muku jagora.

Naku,
wani ɗan'uwanku a Riko