Kafin Gonakin Babura Su Koma Ɗakunan Haya

A shekarar 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, tare da takwararta ta Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom. Murnar da aka yi tana bisa hanya, domin garin da ke bakin iyakar Nijar ya shiga sahun garuruwan ilimi. Sai dai duk ɗalibin da aka ɗauka yana buƙatar makwanci, kuma jami'o'in gwamnati a Nijeriya sun daɗe ba sa iya kwanar da mafi yawan ɗalibansu. Wanda bai samu gado a ciki ba, gari ne zai ɗauke shi.

Yadda gari ke ɗaukar wannan nauyi ba ɓoyayye ba ne. Samaru ta ga haka bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Danbare ma ta gani a gefen sabon matsugunin Jami'ar Bayero. Dillalai kan riga hukuma isa wurin. Su sayi gona, su yayyanka ta fuloti-fuloti, ba a bar titi mai faɗi ba, balle magudanar ruwa. Filin da zai ɗauki iyali guda sai a jera masa ɗakuna iya yadda ya ɗauka, kowane gida da rijiyarsa ta burtsatse, ramin masan maƙwabci kuma yana bayan katanga. Daga nan haya ta sauya lissafi. Ɗalibai huɗu za su haɗa kuɗi su biya na shekara a dunƙule, abin da malamin firamare mai mata da 'ya'ya ba zai iya ba. Sai ya tattara ya koma bayan gari, a garin da aka yanke masa cibiya.

Ba a musun amfanin. Mai shago da mai abinci da ɗan acaɓa da tela duk za su ga canji a aljihunsu. Amma ciniki ne mai bin kalandar makaranta. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya kai wata takwas, kuma unguwannin da suka dogara ga ɗalibai sun ji a jikinsu.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne manomi. Gonar gado da ke ba da gero da riɗi kowace damina ana sayar da ita sau ɗaya ne. Kuɗin kan yi yawa a ido ranar da aka ƙirga su, a raba wa magada, a yi aure, a sayi babur, wani ya sauke farali. Bayan 'yan shekaru filin ya ninka daraja a hannun wanda ya saya, ɗan mai gonar kuwa yana neman aikin gadi a ƙofar gidan da aka gina a kanta. Ba a yi masa ƙwace ba, da hannunsa ya karɓi kuɗi, shi ya sa ba wanda zai kai wa ƙara.

Akwai kuma tsaro. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga sun kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida, wajen katangar makaranta. Jigawa ba Zamfara ba ce, amma gidan da ba rajistar mazauna, ba fitila, ba hanyar da motar agaji za ta shiga, rauninsa ɗaya ne ko'ina.

Sa'ar Babura ita ce jami'arta ƙarama ce tukuna, kuma tun ran gini ake zane. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna bisa amana, don haka Dutse ba ta da uzurin jira. Ya kamata a shata unguwannin da ke kewaye da jami'ar yanzu, a fitar da tituna da magudanai da filin kasuwa kafin a aza bulo, a kuma ƙayyade yawan ɗakunan da fuloti zai ɗauka. Ita ma jami'ar ta daidaita yawan waɗanda take ɗauka da gadajen da take ginawa, ta fara da ɗalibai mata. Masu gonaki kuwa, hakimi da dagatai su nuna musu hanyar ba da fili haya na shekaru a rubuce, da shaidu, yadda mai kuɗi zai yi gininsa, ƙasar kuma ta ci gaba da zama ta magada.