Sarkin Ƙofa a Cikin Laka



An daɗe likitoci suna zaton laka, wadda Allah cikin hikimarsa ya ɓoye a ƙashin baya, ba ta da wani aiki game da ciwo face isar da saƙonsa daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, har zuwa shekarar 1965, lokacin da malamai biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa a sashen lakar na wajen baya akwai ƙwayoyin jijiya masu aikin sarkin ƙofa, wanda in ya so ya bar saƙo ya wuce, in ya so ya tare shi. A ganinsu, siraran jijiyoyi masu ɗaukar raɗaɗi su ke buɗe ƙofar, masu kauri kuwa, na taɓi da shafa, su ke tura ta. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yakan murza yatsarsa ya ji dama-dama. Daga baya an gyara wasu sassan wannan nazari, amma asalinsa ya tabbata.

Hujjar da ta fi gamsar da ni daga ɓeraye ta fito. Akan haska wa ɓera zafi a wutsiya, a ƙirga daƙiƙun da zai yi kafin ya fizge ta, in kuwa ya wuce wa'adi a kashe hasken don kada fata ta ƙone, wanda wajibi ne, tunda dabba ma tana da hakki. A shekarar 1976, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Tony Yaksh da Thomas Rudy suka zura wa ɓeraye siririyar roba har gefen laka, suka ɗiga ɗan mitsitsin maganin kashe zafi mai suna mofin, sai ga ɓera ido biyu, yana yawonsa, amma zafin bai sa ya fizge wutsiya ba. Da suka ba shi makarin mofin, sai jin zafin ya komo. Ashe a lakar kanta ana iya datse ciwo. Bayan shekara uku aka jarraba wa masu ciwon daji, yau kuwa har mata masu haihuwa ta tiyata ana yi musu.

Sai dai ƙofar takan lalace. A 1983 Clifford Woolf ya nuna a Landan, a kan ɓeraye, cewa rauni yakan sa jijiyoyin laka su riƙa zuzuta saƙo, kuma wannan yana cikin dalilan da ke sa wani majinyacin ko riga ta goge shi sai ya yi ƙara.