Ra'ayinmu: A Daina Sa Wa Tanadin Jinya Haraji

A zangon karatun da ya wuce, kujera ɗaya a aji biyar ta yi mako uku babu mai zama a kanta. Ba za mu ambaci sunan mai kujerar ba, 'yan ajin dai sun sani. Mahaifiyarsa aka yi wa tiyata, shi ne mai zirga-zirga tsakanin asibiti da kantin magani, mahaifinsa kuma sai da ya kai shanun huɗarsa kasuwa kafin a kammala biyan kuɗi. Alhamdu lillahi ta warke. Amma bana gidan da fartanya za su yi noma.

Wannan ne ya sa mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida muka kasa kunne sosai ranar da malamin tattalin arziki ya kawo mana labarin Indiya, ƙasar da kowa ya san masu hali daga nan suna tafiya neman magani.

A ranar 1 ga Yuli, 2017, Indiya ta fara aiki da sabon harajin kayayyaki da ayyuka mai suna GST. Cikin abubuwan da aka ɗora wa kashi 18 cikin ɗari har da kuɗin inshorar lafiya. Ga wanda bai gane ba, inshorar lafiya kamar adashi ce: kowa yana zuba kaɗan tun yana da lafiya, wanda ciwo ya kayar shi ne ke kwasa. To a Indiya, magidancin da kamfani ya ce ya zuba rupi 20,000 a shekara domin iyalinsa, sai ya nemo ƙarin rupi 3,600 na gwamnati. Ba a ƙara masa ƙwayar magani ko ɗaya saboda wannan ƙarin ba. Abin takaicin ma, kamfanonin inshora sun fi cajin tsofaffi domin su ne ciwo ya fi ziyarta, don haka tsoho ɗan fansho ya fi saurayi mai jini a jika biyan harajin.

Mutane sun yi ta kuka shekara da shekaru. A watan Yulin 2024 har ministan hanyoyi na ƙasar, Nitin Gadkari, ya rubuta wa ministar kuɗi, Nirmala Sitharaman, wasiƙa yana roƙon a cire harajin, alhali jam'iyyarsu ɗaya. A ƙarshe majalisar da ke tsara harajin ta zauna a farkon Satumbar 2025 ta amince, daga ranar 22 ga watan aka daina karɓarsa a kan inshorar da mutum ya saya wa kansa ko iyalinsa. Wadda kamfani ke saya wa ma'aikatansa a dunƙule kuwa an bar mata harajinta.

Mu a ganinmu Indiya ta yi daidai, sai dai ta makara da shekara takwas.

Ba duka muka yarda da haka nan take ba. Wata 'yar ƙungiyarmu ta kafe a kan cewa masu sayen inshorar kamfani ai masu abin hannu ne, kuma da kuɗin haraji gwamnati ke yi wa talaka magani. Ta kawo hujja mai ƙarfi: tun 2018 Indiya na da shirin Ayushman Bharat, wanda ke ɗaukar wa iyalan talakawa kuɗin kwanciya asibiti har rupi 500,000 a shekara. Daga ina kuɗin zai fito idan kowa ya ce a cire masa haraji? Mun daɗe a kan wannan tambaya, har aka kaɗa ƙararrawa ba mu gama ba. Inda muka tsaya shi ne, tsakanin attajiri da wanda gwamnati ta rubuta a jerin matalauta akwai jama'a mai ɗimbin yawa: tela, direba, mai shagon unguwa, malamin firamare. Ba su talauce har a yi musu kyauta ba, ba su kuma wadata har kashi 18 ya zama ba komai ba. Su ne ke duba kuɗin su ce bari sai baɗi. Idan ciwo ya riga baɗi zuwa, sai a sayar da gona, ko a koma asibitin gwamnatin da harajin ya ce yana tallafawa, a ƙara masa cunkoso. Mutumin da ya yi tanadi ya rage wa gwamnati nauyi ne. Me zai sa a ci shi tara?

Akwai ƙasar da ta bi ta ɗaya hanyar, kuma ba ta da nisa da mu. A Gana, a da sai ka ajiye kuɗi kafin likita ya taɓa ka. A 2003, zamanin Shugaba John Kufuor, aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, aka sa harajin kashi biyu da rabi cikin ɗari a kan kayayyaki da ayyuka, aka ce kuɗin na asusun inshorar ne. Wato maimakon a cire haraji daga cikin adashin, da haraji ake cika shi. Yara 'yan ƙasa da shekara 18, da tsofaffi daga shekara 70, da mata masu juna biyu ba sa biyan zubin shekara. Hausawan zango a Kumasi da Ankara suna cikin masu riƙe da wannan kati.

Kada a ɗauka muna cewa Gana aljanna ce. Harajin kaya ba ya tambayar wa ke saye, mai ɗan albashi da mai babban albashi abu ɗaya suke biya a kan kaya ɗaya. Asibitocin ƙasar sun sha kokawa cewa hukumar inshorar na yin watanni ba ta biya su ba, kuma a 2017 an yi wata doka da ta ƙayyade abin da ke shiga irin waɗannan asusai, sauran ya tafi wasu hidimomin gwamnati. Haraji da sunan lafiya daban, kuɗi ya isa hannun mai ba da magani daban. Duk da haka, kibiyar ta fuskanci inda ya kamata.

To mu fa?

A Najeriya, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fitowa. Wannan adadi shi ne shanun huɗar da muka faɗa a sama. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa kowa shiga inshorar lafiya, tare da asusu na musamman domin marasa galihu, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 83. Jihohi da dama sun kafa hukumomin taimakekeniyar lafiya, ta Kano tana cikinsu, kuma malaman da ke cikin irin wannan tsari sun san abin da ake zara daga albashinsu duk wata. Tunda an wajabta, wajibi ne a sauƙaƙa. Duk wanda zai zo nan gaba da shawarar a ɗora wani caji a kan zubin nan, ko da wane suna, muna roƙon a karanta masa labarin Indiya tukuna.

Idan kuɗi ake nema, ga wurin nema a hannunmu lokacin tara. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari, wato naira 5 ke nan a kan robar rabin lita. Ba mu ji ɗalibi ko ɗaya da ya daina sha saboda naira biyar ba, mu kanmu masu wannan rubutu ba mu daina ba. Abin da ya fi damun mu shi ne dokar ba ta keɓe kuɗin domin lafiya ba, babban asusun gwamnati yake shiga. Ga taba sigari ma. Waɗannan su ne ke tura mutane asibiti da ciwon sukari da ciwon huhu, su ya dace su biya. A ƙara musu haraji, a rubuta a doka cewa kuɗin na asusun marasa galihu ne, a riƙa buga lissafinsa kowa ya gani. A birnin Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma har yau kasafin tarayya bai kai nan ba.

Muna da roƙo biyu. Malamanmu da ke da katin taimakekeniya, don Allah ku gaya mana gaskiya: idan kun je asibiti ana ba ku maganin, ko rubuta muku ake yi ku fita waje ku saya? 'Yan'uwa ɗalibai kuma, kowa ya tambaya a gida yau ko akwai mai kati, idan babu, me ya hana. Akwatinmu yana nan bakin ɗakin karatu, ba sai an sa suna ba. Za mu ƙirga amsoshin mu liƙa su a wannan allo ranar Litinin ta sama.