Fitilar da Ba Ta Jin Dim

Wannan makon zancen fitila na zo da shi, kuma da fushina na zo.

Makonni biyu da suka wuce muna dawowa daga Kazaure bayan isha'i, mu shida a cikin Golf, sai ga wata tsohuwar babbar mota ta tunkaro mu. Fitilunta na ainihi biyu ne kamar na kowa, amma an jera mata wasu huɗu a kan bamba, an kuma ɗora wata doguwar LED mai kamar sanda a saman kanta. Direbanmu ya yi dim, ya ƙyafta masa sau biyu. Mutumin ya amsa, ya yi dim shi ma, na ga fitilun ainihin sun sunkuya. Sauran biyar ɗin ko gezau. Gilashinmu ya koma fari fat. Da motar ta wuce idonmu ya dawo, sai ga a-kori-kura ta lalace a gefen kwalta, ba danja, sai ganyen da aka zuba a bayanta. Tsakaninmu da ita bai fi taku goma ba. Wata dattijuwa da ke kusa da ni salati ta yi ta yi har Dambatta.

Ba mugun nufi nake tuhumar direban da shi ba, ai ya yi dim. Abin da nake tuhuma shi ne yadda aka ɗaura masa fitilun. An ja musu waya daban daga batir, an ba su makunninsu daban, don haka hannun da ke yin dim ba shi da iko da su. Yawancin fitilun ƙari da ke kan hanyoyinmu haka aka haɗa su, domin ya fi sauƙi ga mai wayarin, ya fi arha ga mai mota.

Fitilar mota ba cocila ba ce da za a haska duk inda aka ga dama. Wanda ya taɓa tsayar da mota gaban bango da dare ya yi dim zai ga hasken yana da iyaka a sama, kamar an yanke shi da wuƙa. Da gangan aka yi shi haka, kuma ana saita shi ya riƙa gangarowa ƙasa kaɗan-kaɗan, kimanin santimita 1 a kowace mita. A motoci da yawa za ka ga an rubuta 1.0% ko abin da ya kusa a jikin gidan fitilar. Sannan hasken yana ɗan ɗagawa ta gefen dama don ka ga mai tafiya a ƙasa, tunda tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. (Shi ya sa motar da aka shigo da ita daga Ingila ko Japan aka juya mata sitiyari ba a canza mata fitila ba take tsone wa na gaba ido ko da dim ta yi.) Ita kuwa sandar LED ba ta da wannan iyaka. Feshi take yi sama da ƙasa. In kuma aka ɗora ta a saman kan babbar mota, daga sama take zubowa kai tsaye cikin gilashin ƙaramar mota.

Ku yi lissafin da kanku. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cinye mita 22 a kowace daƙiƙa. A ce daƙiƙa uku kacal ido ya ɗauka kafin ya wartsake, direba ya tuƙa mita 66 ke nan a makance, da fasinja a bayansa.

Na san amsar direbobi, kuma ba zan raina ta ba. Za su ce: ɗan boko, kai ka taɓa kwana a hanya? Ramuka ne, shanu ne, motar da ta mutu ba alama, ga masu tare hanya da gwamma ka hango su daga nesa. Za su ƙara da cewa motar tsohuwa ce, fitilarta kamar aci-bal-bal. Duk gaskiya ne. Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun shekarun 1970, da kuma Marsandi 911, har yau suna ɗaukar buhu da mutum, kuma haskensu ya yi rauni. Amma me ya raunana shi? Sau da yawa madubin da ke bayan ƙwan ne ya yi tsatsa, ko gilashin ya dushe, ko wayoyin sun tsufa wuta ba ta isa ƙwan yadda ya kamata. Ƙwan H4 mai wat 60 da 55 in ya samu madubi mai ƙyalli da sabuwar waya da rile, haskensa ya ishi tafiyar hankali. Wannan gyaran ne ake tsallakewa a je a sayo sanda.

Ni ban ce a haramta fitilar ƙari ba. A Ostireliya, inda direba ke tafiyar awoyi cikin daji yana tsoron kangaru ya faɗo masa, ana ɗaura ta a motoci manya da ƙanana, doka ta yarda. Sharaɗin shi ne a haɗa ta da ful, ta yadda da zarar ka yi dim ta mutu da kanta. Rile ɗaya ne da 'yar waya. Babu mai wayarin a Ƙofar Ruwa ko Panteka da bai iya wannan haɗin ba, kawai dai ba a ce ya yi ba ne.

A nan ne nake ganin doka ta yi barci. Muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988, muna da ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012, littafin dokar hanya kuma ya faɗa ƙarara cewa ka yi dim in mota ta tunkaro ka. To mutumin da ya yi dim fitilu biyar suka ƙi, ya bi doka ko bai bi ba? Da rana ake tsayar da mota a tambayi takardu da abin kashe gobara, alhali sandar tana nan a sama kowa na kallonta. Gwajin kuma ba ya cin minti ɗaya ko da rana tsaka: kunna duka, yi dim. Duk fitilar da ta rage a kunne bayan na ainihi, a cire ta ko a gyara haɗinta. A kuma hana ɗora ta sama da tsayin fitilun motar, a sa mata murfi in an shigo gari. Masu Adaidaita da masu babur ma a haɗa da su, don yanzu har a lungu ana kashe wa mutum ido da 'yar LED mai shuɗi-shuɗi.

Wani abokina ya ce ƙungiyar direbobi ce ya kamata ta fara, tunda 'ya'yanta ne ke mutuwa ta ɓangarorin biyu. Na yarda da shi. Shugaban tasha da zai iya hana mota lodi saboda kuɗin tikiti zai iya hana ta fita saboda fitila.

Da muka iso tasha a Kano na tsaya ina wa direbanmu sannu, na ce Allah Ya kiyaye gaba. Yana ƙirga canji ya ce, "Amin, ɗan'uwa. Ai ni na gama shawara. Ranar Asabar zan kai ta a ɗaura min tawa, guda biyu, wadda ta fi tasa."