Sharhi: Me ya sa tsohon jirgin yaƙin Ingila, Lightning, ya gagara komawa sama?

A filin jirgin sama na Stennis da ke jihar Misisipi ta Amurka, wasu injiniyoyi da tsofaffin makanikan soja sun shafe fiye da shekara 20 suna aikin sa kai a kan jirgi guda. Jirgin shi ne English Electric Lightning mai lamba XS422, mai kujera biyu, wanda aka kai can daga Ingila a ƙarshen shekarun 1990. Sun tada injinansa, har ya yi gudu a ƙasa da ƙarfin kansa, amma burinsu na ganin ya tashi bai cika ba tukuna. Cikin jirage 337 da aka ƙera na wannan samfuri, babu ko ɗaya da ke shawagi a yau.

Batun ya raba kan masu sha'awar jiragen sama gida biyu. Wasu na ganin jirgin da aka girke a gidan tarihi tamkar gawa ne, wasu kuma na cewa tarihi bai kai a saka ran mutum cikin haɗari dominsa ba.

Jirgin da aka ƙera don aiki ɗaya

An ƙera Lightning lokacin yaƙin cacar baka, don ya tare jiragen Tarayyar Sobiyet masu ɗauke da bama-baman nukiliya kafin su iso sansanonin Ingila. A irin wannan aiki mintuna kaɗan ne ke raba nasara da halaka, shi ya sa masu zana shi suka fifita gudu da saurin hawa a kan komai. Samfurin gwaji ya fara tashi ranar 4 ga Agustan 1954, a Nuwamban 1958 kuma matuƙin gwaji Roland Beamont ya kai shi ninki biyu na gudun sauti, wato sama da kilomita 2,000 a awa. Ya fara aiki a rundunar sojan saman Ingila a 1960.

Da irin wannan gudu, tazarar Yamai zuwa Damagaram ta sama, kusan kilomita 750, ba za ta ɗauki rabin awa ba. Sai dai tankinsa ƙarami ne, kuma idan matuƙi ya buɗe masa wuta gaba ɗaya, man kan zube cikin ɗan lokaci. Makamai masu linzami biyu kacal yake ɗauka.

Abin da ya bambanta shi da sauran jirage shi ne yadda aka ɗora injinansa biyu, ƙirar Rolls-Royce Avon, ɗaya a kan ɗaya maimakon gefe da gefe. Hakan ya sa jikinsa ya zama siriri, iska ba ta tare shi sosai. A farkon hawansa yana iya cin kusan mita 15,000 a minti guda. A 1984 wani matuƙi mai suna Mike Hale ya cilla shi har kusan mita 26,800, a 1985 kuma, a wani atisaye da aka bai wa jiragen ƙawancen NATO damar bin jirgin fasinja na Concorde, Lightning ɗin da Hale ke tuƙawa ne ya cim masa daga baya ya wuce shi.

Ƙarfin injinan ya taɓa jefa wani cikin tashin hankali. A Yulin 1966, wani injiniyan soja mai suna Walter Holden yana gwajin wata matsalar lantarki a kan titin jirgi, sai ya tura ƙarfin injin har ƙarshe bisa kuskure. Jirgin ya tashi da shi, babu murfin gilashi a kansa, babu hular kwano, alhali ƙananan jiragen koyo kawai ya taɓa tuƙawa. A yunƙuri na uku ya sauka lafiya. Wannan jirgi yana gidan tarihi na Duxford har yanzu.

Ƙasashe biyu ne kawai suka saye shi daga waje, Saudiyya da Kuwaiti. Saudiyya ta yi amfani da shi har 1986, kuma ƴan ci-rani da ke Riyad za su iya ganinsa a gidan tarihin sojan saman ƙasar. Ingila ta yi masa ritaya a 1988.

Inda gizo ke saƙa

Jerin injinan da ya ba shi gudu shi ne kuma babbar matsalarsa. Cikin jirgin a cushe yake, bututun mai da wayoyi suna gab da ƙarfe mai zafi, ta yadda man da ya ɗiga daga sama kan sauka inda zai kama da wuta. Gobara ta cinye jirage da dama tun yana aikin soja, lokacin da akwai ɗaruruwan makanikai, da rumbunan kayan gyara, da kamfanin da ya ƙera shi a tsaye a bayansa.

Da ritaya ta zo, duk wannan gata ya gushe. Robobin da ke toshe mahaɗar bututu suna bushewa ko da jirgin na ajiye. Kujerar da ke cilla matuƙi waje lokacin haɗari tana aiki ne da ƙananan harsasai masu wa'adi. Kowane sashe na jikin jirgin yana da adadin awoyin da aka yanka masa. Makanikan da suka san shi ciki da bai kuwa tsufa na cim musu. Hukumar kula da jiragen farar hula ta Ingila ba ta taɓa ba wa wani mai zaman kansa izinin tashi da shi ba, dalilin da ya sa masu son ganinsa a sama suka nufi Afirka ta Kudu da Amurka, inda dokoki suka fi sassauci.

Darasin Afirka ta Kudu

A birnin Cape Town, kamfanin Thunder City ya yi shekaru yana tashi da Lightning, har da ɗaukar masu kuɗin da ke son ɗanɗana gudun da ya wuce na sauti. Ranar 14 ga Nuwamban 2009, a bikin nunin jirage na Overberg, ɗaya daga cikinsu ya samu matsala a na'urorin da ke sarrafa shi. Matuƙin, Dave Stock, ya nemi ficewa, amma tsarin cilla shi waje bai yi aiki ba, ya rasu a haɗarin. Binciken hukumar jiragen saman ƙasar ya gano giɓi a wajen kula da jirgin, ciki har da kujerar tsira da lokacin duba ta ya wuce. A 2010 kamfanin ya dakatar da harkarsa ta ɗaukar fasinja.

A Ingila ma ƙofa ta ƙara rufewa bayan 22 ga Agustan 2015, lokacin da wani tsohon jirgin yaƙi samfurin Hawker Hunter ya faɗa kan babbar hanya a Shoreham yayin wasan nuni, ya kashe mutum 11 waɗanda ba su cikin jirgin. Daga nan hukuma ta tsaurara ƙa'idojin wasa da tsofaffin jiragen soja.

Tsaka-tsakin da wasu suka zaɓa shi ne a riƙa tada injinan, jirgin ya yi gudu a kan titi ba tare da ya ɗaga ba. Ƙungiyar da ke kula da Lightning biyu a filin Bruntingthorpe ta yi shekaru tana haka, jama'a na biya su zo kallo, har zuwa 2020 da aka mayar da titin wurin ajiye motoci.

Abin da ya rage

Masu aikin Misisipi na da hujja mai ƙarfi: dokar Amurka ta tanadi rukuni na musamman ga irin waɗannan jirage, kuma sun ɗauki shekaru suna bin sassan jirgin ɗaya bayan ɗaya. Amma tashi na farko ba shi ne ƙarshen wahala ba. Kowace awa a sama za ta buƙaci mai mai yawa, da inshora, da kayan gyaran da aka daina ƙerawa, da matuƙin da ya ƙware a jirgin da rundunar Ingila ta ajiye tun 1988.

Haɗarin Overberg ya nuna cewa sakaci a wajen kula da jirgi ya isa ya ci ran matuƙi. Wannan shi ne ma'aunin da hukumomin Amurka da masu ba da tallafi za su riƙe kafin XS422 ya bar ƙasa.